Inna ta ce "uku" alhali ba ta barci: yadda likitan haƙori ke auna ciwo kafin wankin jijiya

Wani ɗan'uwa daga Jega ya aiko da tambaya. Ya kai mahaifiyarsa asibitin haƙori a Birnin Kebbi saboda wani turmi na ƙasa, wato babban haƙorin tauna na baya, da ya hana ta barci kusan mako guda. Likita ya ce ta faɗi ƙarfin ciwon da lamba, daga 0 zuwa 10. Ta ce "da sauƙi". Da aka matsa mata, ta ce uku. Aka ɗora mata auduga mai sanyi a haƙorin, aka ƙwanƙwasa shi, aka ɗauki hoto, aka ce sai an yi wankin jijiya, wato a cire naman da ke cikin haƙorin, a wanke wurin a cike shi, aka ba su rana. Yau kwana biyu ke nan ciwon ya ɗauke ɗif, mutanen gida na cewa ba sai an koma ba. Yana so ya ji: ta yaya ake auna ciwo da lamba, ukun da Inna ta faɗa ta ɓata wa likita lissafi ne, kuma tunda ciwo ya tafi, a fasa aikin?

Malam, Allah ya ba Inna lafiya, ya saka maka da alheri da ɗawainiyar da kake yi. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe don ita ce ba ta jira. Ku koma ranar da aka ba ku.

Haƙori ba dutse ba ne har ciki. A tsakiyarsa akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da nama mai laushi, ka ce ɓargonsa, inda jijiyoyin jini da na ji suke, suna bin siraran hanyoyi har ƙarshen saiwa. Idan kogo ya ci ya kai kusa da ɗakin nan, ƙwayoyin cuta su shiga, ɓargon sai ya kumbura. To ƙurji a hannu yana da wurin tashi, shi kuwa wannan bango ne mai tauri ya kewaye shi ta ko'ina. Matsin da ke taruwa a ciki shi ne zogin da ya hana Inna barci. In aka bar shi haka, wata rana ɓargon ya mutu, kuma matacciyar jijiya ba ta kai ƙara. Mai ciwo ya wayi gari ya ce ya warke. Ƙwayoyin cutar kuwa suna nan, sun samu ɗaki da abinci, sai su gangara ta saiwa su kai ga ƙashin muƙamuƙi. Wutar ƙaiƙayi ke nan. Wani bayan mako, wani bayan watanni, ya dawo mana da kunci a kumbure. Saboda haka haƙorin da ya yi mako yana hana barci sannan ya yi shiru ba tare da an taɓa shi ba, shirunsa ya fi tayar mini da hankali a kan kukansa.

Sai batun lamba. Hawan jini yana da abin awo da ake ɗaurawa a damtse, sukari yana da nasa, zazzaɓi ma haka. Ciwo ba shi da na'ura. Hoton haƙori yana nuna kogo da abin da ya ci na ƙashi, amma ba ya nuna azaba: sau da yawa za ka ga hoto mai muni a bakin mutumin da ke ta hira yana dariya, ka ga wani hoton kusan lafiya lau mai shi kuwa ya dafe kunci ya kasa magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiyar masana ciwo ta duniya, da ta sabunta ma'anar ciwo a 2020, ta rubuta a fili cewa abin da mutum ya faɗa game da ciwonsa abin girmamawa ne. Ma'ana, bakin mara lafiya shi ne ma'auninmu, aikinmu mu samo hanyar da zai faɗa mu gane.

Hanyar da aka gwada wa Inna ita ta fi yawa a asibitoci: 0 babu ciwo ko kaɗan, 10 ciwon da ba ka iya tunanin wanda ya fi shi. Galibi muna ɗaukar 1 zuwa 3 a matsayin mai sauƙi, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa sama mai tsanani. Akwai kuma ta layi: a ja layi mai tsawon santimita 10 a takarda, wannan baki babu ciwo, wancan baki ƙarshen ciwo, mara lafiya ya sa alama inda yake jin nasa ya kai, likita ya ɗauko rula ya auna da milimita. Masu bincike sun fi son wannan don tana ba da lissafi daki-daki. Ta uku ita ce ta fuskoki, wadda wasu ma'aikatan lafiyar yara su biyu a Amurka, Donna Wong da Connie Baker, suka fito da ita a shekarun 1980: fuska shida a jere, daga mai murmushi zuwa mai hawaye, yaro ya nuna wadda ta yi kama da yadda yake ji.

Duk an gina su ne a kan zaton cewa in ka tambayi mutum ciwonsa zai faɗa. A nan ne muke karo da tarbiyyarmu. Dattijuwa irin Inna, wadda ta haihu sau da dama a ɗaki ba a ji ko uffan ɗinta ba, ka zaunar da ita gaban likita namiji, ɗanta na tsaye a kanta, ka ce ta kimanta azabarta. Me kake tsammani? "Da sauƙi" ai amsar gaisuwa ce. Ko wanda ke gargara aka ce masa "ya jiki" da ita zai amsa, kuma bai yi ƙarya ba, godiya ce ga Allah. Akwai kuma lissafin da iyaye ke yi a zuci wanda ba sa faɗa: in na ce goma, yaron nan zai tashi hankalinsa, kuɗin aiki zai ƙaru, ga kuɗin mota. Sai ta zaɓi lambar da ba za ta wahalar da kowa ba.

Fuskokin ma ba su tsira ba. Ban taɓa ganin magidanci ya ɗora yatsa a kan fuskar nan mai hawaye ba, ko da kuwa idonsa ya kaɗa ya yi ja. Abin da yake karantawa a hoton shi ne "rago", ba "ciwo mai tsanani" ba. Akwai wani samfurin fuskoki na daban da aka gyara a 2001 wanda babu murmushi ko hawaye a cikinsa, ya fi dacewa da manya. Layin santimita 10 shi ma yana da nasa tarko a wurinmu. Wanda karatunsa na allo ne, idonsa daga dama yake farawa. Ka shimfiɗa masa layi ka ce hagu ne farko, ya sa alama kusa da hagu yana nufin ciwo ya kusa ƙurewa, kai kuma ka rubuta biyu. Tun da na lura da haka na koma tsayar da layin, ƙasa babu ciwo, sama ƙarshensa. Hawa da sauka kowa ya san su.

Wata rana da zafin bazara aka shigo mini da wani Bafillace, matashi, daga wajen Bunza. Yana riƙe da ledar ruwan sanyi, wata kuma a aljihu. Na ce yaya ciwon, ya ce "kaɗan ne". Muna magana yana kurɓar ruwan, ba ya haɗiyewa, sai ya karkatar da kai ya tara shi a kuncin dama, ya yi shiru kamar mai sauraron wani abu. Da ruwan ya ɗumama ya tofar, kafin in gama tambaya ta gaba gumi ya keto masa a goshi, ya sake kurɓa. Na tambayi yayansa tun yaushe yake haka. Ya ce tun shekaranjiya, ko fura bai sha ba, dare kuma a zaune yake kwana. A katinsa na rubuta abin da ya faɗa, domin nasa ne, amma na rubuta ledar ruwan a gefe. Haƙorin da zafi ke tayar wa, sanyi kuma ya lafar da shi na 'yan daƙiƙu, ɓargonsa ya kai wani hali da ciko ba zai yi masa komai ba.

Shi ya sa ba na tsayawa a lamba ɗaya. Na kan fara da kafa iyaka da abin da mutum ya sani. Ga mace, naƙuda. Ga manomi, harbin kunama. In ce, "Inna, in naƙuda ce ta cika tiya har ta yi tozo, wannan hauren ina ya kai? Rabi? Ya wuce rabi?" Wadda ta yi shekara arba'in tana awon gero ba ta kuskuren tiya. Daga nan sai tambayoyin da kunya ba ta hana amsawa, domin ba ciwo suke tambaya kai tsaye ba. Jiya kin yi barci? Sau nawa kika farka? Da wane gefe kike tauna? Kina iya kurkure baki da ruwan randa in za ki yi alwala, ko sai an sirka miki? In kin yi sujada yana bugawa? Ƙwaya nawa kika sha daga jiya zuwa yau? Wadda ta ce uku, amma kwana shida ba ta runtsa ba, ta bar tuwo ta koma kunu, ta shanye katin ƙwaya biyu, ta riga ta ba ni amsa. Lambobi uku nake nema kuma, ba ɗaya ba: yadda yake yanzu, mafi tsananin da ya kai tun jiya, da yadda ya fi zama. Mutane da yawa suna zuwa asibiti da safe, lokacin da ciwon ya lafa, bayan sun haɗiyi magani a hanya. Mai yiwuwa ukun Inna gaskiya ce a wannan sa'ar, tarar da ciwon ke kaiwa da dare ce ba a tambaya ba.

Ga abin da zai kwantar maka da hankali: ba lambar ce ke yanke hukuncin wankin jijiya ba. Irin ciwon da tsawon zamansa sun fi ƙarfinsa faɗa mana halin da ɓargo ke ciki. Wani masani a jami'ar McGill ta Kanada, Ronald Melzack, ya fitar da jerin kalmomi 78 na siffanta ciwo a 1975, don ya lura kalmar da mutum ya zaɓa tana nuna abin da ke damunsa. Mu ma Hausa ba ta bar mu a baya ba, in likita zai saurara. Wanda ya ce "tsam nake ji in na sha sanyi, sai ya wuce" daban yake da mai cewa "zogi yake, kamar ana daka a ciki", daban da mai cewa "hauren ya yi tsawo, shi ke fara taɓa ɗan'uwansa in na rufe baki". A cikin ɓargo akwai jijiyoyi iri biyu. Masu sauri suna bakin-baki, su ke kawo sukar nan mai kaifi da ke zuwa ta wuce. Masu nawa suna can ciki, su ke kawo zogi mai nauyi da ke tashi da kansa, ya fi tsanani in an kwanta saboda jini ya ƙaru a kai. In na biyun suka karɓi magana, yawanci ɓargon ya wuce gyara. Mai jin haƙori ya yi tsawo kuwa, kumburin ya riga ya fita daga cikin haƙori ya kai ga naman da ke riƙe saiwa.

Audugar da ka ga an ɗora wa Inna awo ce ita ma, wataƙila ma ta fi lambar. Ana fesa mata wani sinadari mai tsananin sanyi, a fara ɗorawa a lafiyayyen haƙori don a san yadda mutum ke amsawa, sannan a zo kan wanda ake zargi. Na kan ce wa mara lafiya ya ɗaga hannu da zarar ya ji, kada ya sauke sai ciwon ya tafi gaba ɗaya, ni kuma ina kallon agogo. Hannun da ya sauka bayan daƙiƙa biyu ko uku, akwai fatan ciko ya wadatar. Hannun da ya zauna a sama rabin minti ko fiye bayan an ɗauke audugar, sai wankin jijiya ko cirewa. Hannun da bai tashi ba sam, ana zargin jijiyar ta mutu. Kyan wannan gwajin a wurinmu shi ne dauriya ba ta ɓoye shi: mutum zai iya danne kuka, amma ƙiftawar ido da zaburar kafaɗa ba sa neman izini. Ƙwanƙwasawa da ƙotar ɗan madubin da muke leƙa baki da shi kuma tana nuna ko kumburi ya kai ƙarshen saiwa. Tana kuma taimaka mana gano haƙorin da ke da laifi, domin ɓargo ba ya iya nuna wurinsa daidai. Turmin ƙasa ya kan aika ciwo kunne, na sama ya aika gefen goshi, har mutum ya rantse na sama ne alhali na ƙasa ne. Abin da ba ya yi shi ne tsallaka tsakiya daga dama zuwa hagu. Haƙoran sama na baya da ke ciwo gaba ɗaya in an sunkuya, musamman bayan mura, wani lokaci ma ba haƙori ba ne, kogon da ke gefen hanci ne ya kumbura.

To in haka ne me ya sa muke damuwa da lambar? Saboda allura, da farko. Turmin ƙasa mai tsananin zogi ya fi kowane haƙori gardamar allurar kashe zafi. Leɓe zai yi nauyi, harshe ya mutu, amma da an taɓa ɓargo mutum ya zabura. Idan na san ciwon ya kai takwas ko tara, tun farko zan shirya ƙarin allura a gefen haƙorin, in ba ta lokaci, in gwada da sanyi kafin in fara. Wanda ya ce mini uku, zan iya farawa da shirin uku. A nan ne kawaicin Inna zai iya cutar da ita, kuma mai irin halinta ko ana aikin tana jin zafi ba za ta ɗaga hannu ba. Ka gaya mata, da bakinka, cewa ɗaga hannu a kujerar nan ba raki ba ne, taimakon likita ne.

Na biyu, ƙarfin ciwo kafin aiki shi ya fi komai nuna yadda kwanakin bayan aiki za su kasance. Wanda ya zo da tara ya fi wanda ya zo da biyu yiwuwar jin jiki a daren farko, don haka maganin da za a sallame shi da shi da gargaɗin da za a yi masa ba ɗaya ba ne. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2011 ya nuna kusan mutum 8 cikin 10 na zuwa wankin jijiya da ciwo, bayan kwana ɗaya da aiki kusan 4 cikin 10 ke da saura, bayan mako guda kuwa kusan 1 cikin 10. Ka ga ke nan ɗan ciwo na kwana biyu ko uku, musamman wajen tauna, ba alamar aiki ya ɓaci ba ne. Abin dubawa shi ne inda lambar ta dosa. Takwas ɗin Inna ba a gwada ta da takwas ɗin maƙwabciyarta, ana gwada ta da lambar Inna ta jiya. In ta sauka da maki biyu ko kusan kashi ɗaya cikin uku, magani na aiki. In tana hawa a rana ta uku, ko kumburi ya biyo baya, a dawo ba sai ranar alkawari ba.

Bari in ɗan tsaya a kan kemis, don nan ake ɓata mana awo. Kusan duk wanda ya zo mini ya riga ya sha Ampiclox ko Flagyl, wani har da taramol. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin Ampiclox da Flagyl ba ya rage zogin ɓargon da ya kumbura a cikin haƙori. An gwada, bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. Wurinsa shi ne in kumburi ya bazu ko zazzaɓi ya shigo, kuma likita ne zai ce. Abin da ya fi tasiri ga ciwon haƙori shi ne ibufurofen haɗe da farasitamol, sun ma fi masu sa maye aiki a wannan fannin. Sai dai ga dattijuwa ba a ba da ibufurofen da ka: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai shan maganin hawan jini ko na tsinka jini, da mai ciki, duk sai an tambayi likita. Farasitamol kuma kada babba ya wuce giram 4 a yini, a lura yana ɓoye cikin magungunan mura da yawa. Duk abin da ta sha kafin ku zo, ku faɗa da lokacin da ta sha, domin yana dushe gwajin sanyi da na ƙwanƙwasa. Kanumfari yana ɗan lafar da ciwo, gaskiya ne, akwai sinadarinsa ma a cikin wasu kayan aikinmu. Amma asfirin da ake dannawa a dasashi ƙuna yake yi, ruwan batir kuwa kada a ko fara.

Akwai alamun da ba a tsayawa tambayar lamba a kansu. Kumburin da ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko ya haura wajen ido, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta yi wuya, murya ta canza, zazzaɓi, ko numfashi ya fara nauyi: wannan asibiti ne a daren, ko Birnin Kebbi ko duk babban asibitin da ya fi kusa, musamman in tana da ciwon sukari. Haka ciwon muƙamuƙi da ke tasowa in an yi tafiya ko aiki, tare da nauyin ƙirji da gumi, a duba zuciya kafin haƙori.

Kafin ranar ku, ka samu 'yar takarda. Safe da dare a tambaye ta, amma ba kai ba, ka sa ƙanwarka ko wata jikar da take sakewa da ita, a yi mata da tiya in lamba ba ta shige ta. A rubuta ko ta yi barci, da me ta ci, da ƙwayar da ta sha. A sa ta ɗan cije a hankali a gefen, a ji ko haƙorin ya fara yi mata tsawo, a kuma leƙa dasashin ko wani ɗan ƙurji ya fito kusa da saiwa. In kun shiga, ka gaya wa likita a gabanta, cikin ladabi, cewa ranar da aka kawo ta kwananta shida ba barci, sannan ciwon ya ɗauke da kansa ranar kaza. Zai sake gwajin sanyin. In ya ce ka ɗan jira a waje, ka fita, sau da yawa sai ɗa ya bar ɗakin uwa ke cewa, "Likita, gaskiya hauren nan ya ba ni wuya."